Kwabo a Hannun Garmaho

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka da yaran. Yaya ciwon bayan nan da ka yi ta kuka da shi? Ina fata ya sake ka. Mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Baba yana ci, yana barci, yana shan maganinsa a kan lokaci.

Gidan rediyo ya ƙi karɓar fayafayen Baba. Ɗakin da aka ce za a sa wa sunansa ba za a yi shi ba. Ni na duba fayafayen, kuma a kan maganata suka yanke hukunci. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, domin kai da zarar magana ta fara zafi sai layinka ya lalace. Takarda ba ta da wannan cutar.

Ka san farkon zancen, amma bari in jera maka shi yadda ya faru. Sabon shugaban gidan rediyon ya zo gaishe da Baba, ya ce da shirin kiɗan jaz da Baba yake gabatarwa a gidan ya girma. Ya ga bangon falon nan cike da fayafai tun daga ƙasa har rufi, sai ya ce ai wannan dukiyar jama'a ce, idan Baba ya yarda za su ware ɗaki guda, su kafa allon ƙarfe a ƙofar da sunansa, ɗalibai su riƙa zuwa suna saurare. Tun daga ranar Baba bai sake zama daidai ba. Ya kai kwat ɗinsa wanki. Ya rubuta jawabi, kullum yana karanta wa Uwar Tagwaye, maƙwabciyar da ke dafa masa abinci, ita kuma tana yanka albasa tana cewa madalla.

Sai dai gidan rediyon ba ya karɓar abin da ba a duba ba. Mai kula da ɗakin ajiyarsu ta kira ni, don a garin nan ni kaɗai ce na mai da sayen tsofaffin fayafai sana'a tun da na bar teburin gyaran labarai na jarida. Na gaya mata mahaifina ne. Ta ce ai hakan ma ya fi sauƙi.

Tun da ba ka taɓa taka shagona ba, bari in gaya maka yadda ake aikin. Ba a sayen faifai da bakin mai shi. Kowa nasa sabo ne, sau ɗaya aka ji shi, marigayi ne ya bari. Ina kama shi ta gefe, in karkata shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki tsirara, domin hasken taga maƙaryaci ne, yana rufa wa faifai asiri. Idan na ga karce sai in bi shi da farce a hankali. Wanda farce bai ji ba, allura ma ba za ta ji ba. Ina duba bakin hudar tsakiya, a nan ake gane hannun da ya riƙe shi, mai natsuwa ne ko mai lalube. Ina sunsuna shi. A ƙarshe nake ɗora allura, kuma ba a waƙar farko ba, a ta ƙarshe, kusa da tsakiya, daidai inda mai ƙaho ya ɗaga murya. A nan ciwo yake fara bayyana.

Ranar da muka je, ni da mai ɗakin ajiya da shugaban da kansa, Baba ya tarbe su da kwat. Ni kuwa ya dube ni ya ce musu ga Kurma ta zo taya ɗaukar kaya, ya tura ni in haɗa shayi. Suka yi dariya don sun ɗauka wasa ne. Ka tuna inda sunan ya samo asali? Ina 'yar firamare ya sa mana wani faifai, ya tambaye ni ƙaho nawa nake ji. Na ce ɗaya. Kai ka ce biyu. Daga ranar kai ne mai ɗora allura, ni ce mai share ƙurar kanta. Na haɗa shayin, na kawo, sannan na kunna fitilata.

Faifan farko yana sheƙi fiye da kima. Faifan da ya haura shekarun aurenka ba ya irin wannan ƙyalli. Na sunsuna, na ji man goge katako. Na sa auduga na share gefe ɗaya, sai ga layukan sun fito fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. Babu karce ko ɗaya, Yaya, wannan kam shaida ce zan ba Baba ko a gaban wa. Amma da karce ne da ya fi, don karce wuri ɗaya yake kashewa.

Na ɗora shi a ƙaramin garmahona da na zo da shi. Piyano ya shigo yana ɗingishi, ana iya haƙuri da shi. Da mai ƙaho ya ɗaga, sai ka ce ana yaga sabon yadi a cikin kunnen mutum, a bayansa kuma yashi yana ta zuba. Mai ɗakin ajiya ta sunkuyar da kai. Shugaban ya hau duban agogonsa. Baba kuwa yana kan kujerarsa ido a rufe, yana kaɗa yatsa a gwiwa, yana murmushi, yana ce musu su saurari nan, su saurari nan, a nan mutumin yake kuka da ƙaho. Daidai wurin yake nunawa, bai kuskure ba ko da ƙiris. Daga cikin kansa yake jin waƙar. Kunnensa ya daɗe da daina kawo masa sautin sama, mun sani, mun yi shiru.

Na zaro daga sama, na zaro daga ƙasa, na zaro daga tsakiya. Duk ciwo ɗaya. Tun rasuwar Mama yake bin kantar nan daga farko zuwa ƙarshe, idan ya ƙare ya sake komawa, don haka babu wanda ya tsira. Da ya ga sun dusashe sai ya riƙa shafa musu mai, yana ganin gata yake yi musu.

Sai na je ga garmahonsa. Allurar ta cinye har ta koma kamar bakin kurfin masassaƙi. A kan hannun garmahon kuma, daidai saman allurar, an ɗaure kwabo da salatif. Tsohuwar wauta ce ta masu garmaho. Idan allura ta tsufa ta fara tsalle, maimakon a canza ta sai a ɗora mata nauyi. Tsallen ya tsaya, mai faifai ya yi murna, ita kuma ta shiga sassaƙe layukan a duk zagaye.

Da muka fito bakin ƙofa shugaban ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko shafa mai ba shi ne abin da 'yan damfara ke yi don su ɓoye lalacewa ba. Na ce e, haka suke yi. A nan na tsaya. Aikin jarida ya koya mini in amsa abin da aka tambaye ni, kuma ba a tambaye ni ko Baba ɗan damfara ne ba.

Baba dai an ce masa za a neme shi. Jiya na wuce na same shi ya ƙara wa jawabin shafi guda. Akwai sunanka a ciki, a matsayin ɗan da ya gaji kunnensa.

Ka gaishe mini da matarka, ka shafa mini kan yaran. Ka riƙa zama a kujera mai tauri saboda bayan nan.

Ƙanwarka,
Kurma

*

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau. Ina fata kowa lafiya a gidan, da ƙaramin da aka ce ya fara tafiya. Allah ya raya shi. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake, har wurin da ka ce dutse ne a ƙirjina. Ban ji haushi ba. Rubutunka ya yi kyau idan kana fushi, ya kamata ka riƙa yi.

Baba ya ji fayafayensa da kunnensa. Yanzu ya sani.

Kada ka yi saurin tashi. Ka roƙe ni kada in gaya masa, ka ce a bar tsoho ya ƙarasa kwanansa da abin da ya yi imani da shi. Na cika maka. Ban ce masa uffan ba. Na'urar ji na saya masa.

Ka san shekarun da muka yi muna fama da shi a kan abin nan, yana cewa mutumin da ya koya wa gari saurare ba zai yi yawo da roba a kunne ba. Wannan karon ban sha wahala ba. Na ce masa ranar bikin buɗe ɗakin za a yi masa tambayoyi, ga 'yan jarida, abin kunya ne a ce yana cewa na'am, na'am. Washegari da kansa ya riga ni shiryawa. Muka je asibitin kunne, aka gwada shi, aka saka masa.

Da ka gan shi a hanyar dawowa da ka yi hawaye, kai da hawaye ba ya yi maka wuya. Ya ji ƙarar makullina a jaka. Ya shiga gida ya tsaya a tsakar falo yana juyawa, ya ce famfon kicin yana ɗiga, tun yaushe? Ya ce wa Uwar Tagwaye ashe haka takalminta yake ja da ƙasa kamar mai jin haushin siminti. Ita ta ce ai da ta sani da ta ɓoye na'urar, yanzu ba damar ta zage shi a gabansa. Suka yi ta dariya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun Mama na raye.

Sai ya nufi kanta. Na san wanda zai ɗauko, kai ma ka sani: mai koren kwalin nan, na mai busa ƙahon saksofon, wanda yake sa wa Mama idan ta yi fushi ta shige ɗaki. Ya goge shi da tsummansa, ya ɗora, ya zauna, ya rufe ido.

Bai kai minti ba ya buɗe. Ya ciro na'urar ya dube ta, ya hura ta, ya mayar. Ya sake cirowa. Ya ce likitan nan yaro ne, ya sayar mana da abin banza, yana ƙara wa sauti yashi. Ya ce in mayar musu gobe.

To, na zo da shirina. A jakata akwai irin faifan sak, bugu ɗaya, wanda na saya a gidan wani tsohon likitan haƙori da 'ya'yansa suka kwashe kayansa. Mutumin ba ya son jaz, kyauta aka ba shi, ko sau uku bai ji shi ba. Masu faifai mafi kyau a duniya su ne waɗanda ba sa son kiɗa. Na ɗora shi a garmahona, na ajiye allura a waƙar da nasa ya tsaya.

Saksofon ɗin ya fito tas, har numfashin mai busawa ana ji kafin ya busa. Ana jin yatsun mai ƙaton molon nan da ake rungumewa a tsaye suna zamewa a kan tsirkiya. Baba ya saurara har ƙarshe. Na ɗage allura, na mayar da nasa. Na bar shi ya yi kaɗan. Na sake mayar da nawa. Ban yi magana ba, alkawarinka yana wuyana.

Ya daɗe yana kallon bangon, daga sama har ƙasa. Sannan ya tambaye ni ko duka ne. Tambaya ce kai tsaye, na ce duka. Ya tambaye ni mene ne ya yi haka.

Na je na ɓare salatif ɗin. Sai a lokacin na ga fuskar kwabon, don ranar farko ban taɓa shi ba. Ba kuɗinmu ba ne, Yaya. Akwai tsuntsu a jikinsa. Kuɗin ƙasar da kake zaune ne. An kuma naɗe bakin salatif ɗin ciki don a ji daɗin ɓarewa, yadda kake yi tun muna yara idan kana naɗe littattafan makaranta. Sai na tuna zuwanka na rasuwar Mama. Na tuna Baba yana ƙorafin allura tana tsalle, ni ina can ina sallamar masu gaisuwa, kai kuma ka ce a bar maka, ai ƙaramin abu ne. Shagona yana bayan titi biyu daga gidan. Allura tana cikin aljihun teburina, da ka aiko, a kyauta zan ba ka. Amma wa zai tambayi Kurma zancen allura?

Na sa masa kwabon a tafin hannu, na bayyana masa abin da nauyi yake yi wa layin faifai, dalla-dalla, yadda nake yi wa duk wanda ya kawo mini kaya. Ya juya shi, ya ga tsuntsun. Na ga lokacin da ya gane.

Ka san abin da ya ce? Ya dunƙule hannu, ya ce shi ya ɗaura. Wai ya tsince shi ne a cikin canjin da ka bari a kan tebur, ya ɗaura da kansa bayan tafiyarka, kai ba ka ma sani ba. Mutumin da hannunsa ke rawa har ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, shi ne ya naɗe bakin salatif. Ya kalle ni cikin ido ya maimaita, kamar yana karanta sanarwa a rediyo. Sannan ya jefa kwabon a aljihun gaba.

Na ce to. Ka ga ko a nan ma kai ka ci. Ka rusa masa aikin rayuwarsa da kwabo ɗaya, ya tashi ya tare maka. Ni da na nuna masa gaskiya, da na miƙa masa ruwa bai karɓa ba sai da Uwar Tagwaye ta karɓa ta ba shi. Ba ƙorafi nake yi ba. Rahoto nake ba ka.

Da kansa ya kira gidan rediyon, yanzu da yake jin waya. Mai ɗakin ajiya ta yi ta kwana-kwana, shi ya taimake ta ya ƙarasa mata maganar. Ya nemi shugaban, aka ce yana taro. Har yau yana taro.

Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni, ya ce a kwashe. Ba ya son ya farka ya gan su. Na ce zan saya. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce ashe har yanzu ban iya sayen kaya ba, me zan yi da matattu? Na ce masa ba fayafayen nake saye ba, kwalayen nake so. Wannan ma gaskiya ce. Baba bai taɓa rubuta sunansa a kwali ba, bai bar rana ta taɓa su ba, kusurwoyinsu a tsaye kamar yau aka buga. Ina da fayafai masu lafiya da yawa waɗanda kwalayensu suka ruɓe, ga masu saye kuma kwali rabin kaya ne. Zan zare nasa in zura nawa. Na gaya masa haka domin ba na sayen kaya a hannun mutum bai san abin da ya sayar ba.

Ya kai hannu ya cire na'urar, ya ajiye a kan jawabin.

Ka isar da gaisuwata ga mutanen gidan. Hoton ƙaramin da ka ce za ka aiko, ina nan ina jira.

Taka har kullum,
Kurma

*

Yaya,

Barka da war haka. Ina fata kana lafiya, da iyali baki ɗaya. Hoton ya iso, yaron ya yi kyau, goshin Baba ne sak. Na manna shi a jikin kanta a shago. Ka ce ba ka barci sosai kwanan nan. Ka rage shayi da yamma.

Bangon falon Baba yanzu babu komai. An kwashe, an share, sai sawun kanta a jikin fenti.

Ka tambaye ni ko wayarsa ta lalace, don kana kira yana ɗauka amma ba ya amsawa. Wayar lafiyarta ƙalau. Na gani da idona: idan ya ga sunanka sai ya cire na'urar, ya ɗauka, ya kara a kunne, ya riƙa cewa Allah ya yi maka albarka har ka gaji ka kashe. Don haka duk haƙurin da ka ce ka ba shi, da kukan da ka yi, iska ka yi wa. Ya yafe maka, amma ba ya son jin muryarka. Ina ganin gara ka sani.

Fayafayen kansu na ba Mai Agogo, wani mutum a layinmu da ke huda tsofaffin fayafai ya saka musu hannaye da batir su zama agogon bango. Ya ji daɗinsu ƙwarai, ya ce bai taɓa samun masu sheƙi haka ba, wa ya yi musu wannan gata? Mai gidan shayin da ke kusurwar titin Baba ya sayi guda ya rataye a saman kanta. Ta nan Baba yake bi zuwa kantin magani. Uwar Tagwaye ta ce ya tsaya a ƙofar ya daɗe, har mai shayin ya fito ya tambaye shi ko lokaci yake son sani. Baba ya gane faifan ta takardar da ke manne a tsakiyarsa. Na koren kwalin ne. Ban shirya hakan ba, amma da aka gaya mini ban aika a sauke ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar kwashe kaya, a can ƙasan kanta ta ƙarshe, a bayan sauran, na sami faifai ɗaya mai lafiya. Ɗaya tak a duk bangon. Yana cikin ledarsa ta kamfani, ba a taɓa buɗe shi ba. Na gane shi tun kafin in juya shi, don ni na ba shi.

Shekarar da na buɗe shago na same shi a kayan wani kantin da ya rufe tun kafin a haife mu. Wata mai piyano ce ita kaɗai, bugun farko, wanda Baba ya sha faɗa a shirinsa cewa ya nema bai samu ba. Masu saye sun bi ni a kansa, na ƙi. Na naɗe shi na kai masa, ina rawar jiki kamar yarinya. Ya juya shi gaba da baya, ya ce wa Mama ta zo ta ga ciniki, wai kurma ce kaɗai za ta sayi faifai a rufe, tunda ko an buɗe ba ji za ta yi ba. Mama ta ce ya ji tsoron Allah. Ya ce wasa yake yi. Ban sake ganin faifan ba, na ɗauka ya bayar.

Ashe yana nan. Shekara da shekaru yana bin kantar nan faifai bayan faifai, yana zuwa kan nawa ya tsallake. Abin da ya cece shi ke nan. Duk wanda Baba ya so ya kashe shi, wanda ya raina ne kaɗai ya rayu. Na zauna a ƙasa da shi a cinya, masu ɗaukar kaya suna ta wucewa ta kaina. Na ɗauka zan ji daɗi. Na jira daɗin, bai zo ba. Abin da na ji shi ne yunwa, don ban karya ba ranar.

A ƙa'ida nawa ne, yana cikin kayan da na saya, kuma shi kaɗai ya fi sauran duka daraja. Ban ɗauka ba. Na jingina shi a kan teburin da garmahon yake, inda ba zai iya kauce wa ganinsa ba. A gefensa na ajiye sabuwar allura a cikin 'yar akwatinta.

Na yi masa bayani, na tabbatar na'urar tana kunnensa. Na ce tsohuwar allurar tana nan a jikin garmahon, ban cire ba. Idan ya ɗora ta a kan wannan faifan, da kwabo ko babu kwabo, zagayen farko zai fara cinye shi. Sabuwar kuma sai an kwance wasu ƙananan kusoshi biyu kafin ta shiga, aikin da ke son hannu marar rawa da ido mai kyau. Na ce ba zan saka ba sai ya kira ni ya ce in zo in saka masa. Ba wani abu nake nema ba, Yaya. Ya ɗauki waya, ya kira ni da sunan da Mama ta raɗa mini, ya ce zo ki ɗora mini allura. Shi ke nan.

Na kuma gaya masa abin da ya riga ya sani, cewa faifan da ya daɗe a rufe ba a rantsuwa a kansa. Wani lokaci ledar tana matse shi har ya lanƙwashe a ciki, a buɗe a tarar ba ya zama a kan garmaho. Mai yiwuwa tun farko shi ke da gaskiya, kurma ta yi cinikin banza. Hanya ɗaya ce ta sani.

Ya dubi faifan, ya dubi akwatin allurar, ya ce in ja masa ƙofa idan zan fita.

Tun ranar wayata tana kan kanta a gabana. Masu kawo kaya suna kira, Mai Agogo yana kira yana tambaya ko akwai saura, kai ma kana kira. Shi bai kira ba. Ina zuwa ina kai masa magani, muna gaisawa, yana tambayata kasuwa, ina cewa da godiya. Faifan yana inda na bar shi, sai dai na lura babu ƙura a kan ledar.

Kada ka ce za ka zo ka saka masa. Ka riga ka gyara garmahon nan sau ɗaya.

Ina gaishe da matarka da yaran, Allah ya bar mu tare. Ka kula da kanka, ka rubuto idan ka samu hali.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Kurma

Ƙari: Na riga na rufe takardar sai ga Uwar Tagwaye ta shigo shago. Ta ce da safen nan ta ga ledar faifai a kwandon shara, kuma jiya da la'asar ta ji piyano daga falon, fuska ɗaya ta faifan, daga farko har ƙarshe. Na tambaye ta ko sautin ya fita tas ko da yashi. Ta ce ita duk kiɗan nan hayaniya ne a kunnenta. Akwatin allurar tana ganin kamar a rufe take, amma ba ta duba ba. Gobe zan je da fitilata.